Yadda Na Taya Injinan Amazon Daga Yamai Don Auna Garaken Albasa

Albasa ce ta kai ni ga wannan ciniki. Wata ƙungiyar manoman rani a jihar Tawa ta nemi a auna mata faɗin garaken da ake nomawa tsakanin Konni, Galmi da Madawa, na shekarun baya da na bana, don ta samu abin riƙewa a hannu idan ta zauna da masu ba da lamunin taki da iri. Aikin ya faɗo hannuna. Ina da ɗan biro a Yamai da kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, kuma kuɗin da aka yanka mini da sefa ne, a dunƙule, babu wani kaso da aka ware wa hayar inji, wato kwamfutar da ake haya ta intanet. Duk abin da na kashe daga ladana zai fita.

Hotunan da ake irin wannan awo da su kyauta ne. Tarayyar Turai tana da taurarin ɗan Adam da ake kira Sentinel-2, na farko ya tashi a 2015, na biyu a 2017, kuma suna ratsa kowane wuri duk kwana 5. Kowane ɗigo a hoton mita 10 ne a ƙasa, wanda ya isa a gane garka daga fili. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: ganye mai rai yana shanye jan haske, yana mayar da wani haske da ido ba ya gani, saboda haka in ka gwama biyun sai kore ya fito fili. A ƙasar Adar kuwa, duk abin da ya yi kore shar a watan Janairu ko Fabrairu, ban da itatuwa, to ban ruwa ake yi masa. Wahalar tana wajen nauyi. Hoto guda yana rufe sama da kilomita 100 a tsaye da kwance, nauyinsa ya kusa gigabait ɗaya, ga shi ana son na rani bayan rani. Na lissafa kuɗin intanet ɗin da zan saya don in sauko da su Yamai, na tuna da zafin Afirilu da yadda kwamfutata ke huci, na tuna da ɗaukewar kuran, sai na san ba nan za a yi aikin ba.

Akwai kwafin waɗannan hotuna a rumbun Amazon, kamfanin da ke ba da hayar injina ta intanet, da ke jihar Oregon ta Amurka, a buɗe ga kowa. Injin da ka yi haya a wannan yankin yana karanta su ba tare da an caje ka kuɗin jigila ba, kuma an tsara su ta yadda za ka ɗebi ɓangaren da kake so kawai ka bar saura. Don haka maimakon in jawo hotuna zuwa Yamai, sai in aika da manhajata can, in dawo da sakamako kaɗai, wanda bai fi a turo shi ta waya ba.

Buɗe asusu shi ne matakin farko, kuma a nan ɗan Nijar yake fara jin bambanci. Kuɗin da ke cikin salula ba ya shiga. Sai katin Visa ko Mastercard wanda aka buɗe masa sayayya ta intanet. Na je bankina na karɓi katin da ake loda wa kuɗi tukuna, na sa abin da zan iya haƙurin rasawa. Ana taɓa dalar Amurka 1 don a tabbatar katin na aiki, daga baya a sake ta. Lissafin duka da dalar Amurka ne. Sefarmu a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, amma dala tana hawa tana sauka, ga banki da nasa ladan canji, shi ya sa nake ƙara wani abu a kan duk farashin da na gani kafin in mayar da shi jikkuna a kaina. Kafin in taɓa komai na sa ƙararrawar kasafi, wadda ke turo saƙo idan kashe kuɗi ya kai wani mizani. Ƙararrawar tana faɗakarwa ne kawai, ba ta kashe inji, wannan ya kamata mutum ya riƙe.

Da na duba farashin haya na yau da kullum, wanda kake kunna inji lokacin da ka ga dama ka biya gwargwadon daƙiƙoƙin da ya yi, na ninka da awoyin da nake hasashe, sai na ga ya cinye wani babban yanki na ladan. Wani abokina da muka yi karatu tare, yanzu yana aikin taswirar damina, shi ya ce mini, “Kai malam, wa ya aike ka biyan cikakken kuɗi? Je ka taya na Spot.”

Ga yadda abin yake. Kamfanin da ke ba da hayar injina dole ya tanadi fiye da abin da ake bukata a yau, don kada babban abokin ciniki ya zo gobe a ce masa babu. Waɗannan rarar suna kunne, suna cin wuta, ana sanyaya su, kuma awar da ta wuce ba a yi haya ba ta tafi ke nan. Kamar mota ce da za ta tashi daga tashar Wadata da kujeru uku babu kowa: direba zai ɗauke ka a rabin kuɗi ko ƙasa da haka, bisa sharaɗin in mai cikakken kuɗi ya tsayar da shi a Dosso, kai za ka sauka. Amazon ya ce rangwamen yana iya kaiwa kashi 90 cikin 100. Injin ɗaya ne, ƙarfinsa ɗaya, abin da ka sayar kawai shi ne tabbacin zama.

Amazon ya fara hayar injina a 2006, ya buɗe kasuwar Spot a Disamban 2009, kuma a farkonta gwanjo ce sosai. Kowa ya faɗi iyakar abin da zai biya a awa, farashin kasuwa ya yi ta motsi, wanda tayinsa ya fi farashin ya samu inji, wanda farashin ya haura tayinsa a kashe masa nan take. Ba tayinka kake biya ba, farashin kasuwa kake biya, shi ya sa wasu suka riƙa yin tayi mai tsada don kada a taɓa su, har aka ƙayyade cewa tayi ba zai wuce ninki 10 na farashin yau da kullum ba. In irin waɗannan suka haɗu a kan inji ɗaya, farashi kan yi tsalle ya zarce na haya ta sosai, mai neman araha ya wayi gari ya biya tsada. Wasu masu bincike na jami'ar Technion a Isra'ila sun bi diddigin farashin a 2011, suka nuna cewa mafi yawan lokaci ba tayin mutane ke juya shi ba, wani lissafi ne na kamfanin kansa. A ƙarshen 2017 aka canza tsarin. Yanzu farashi yana tafiya a hankali bisa yawan nema da yawan rara na tsawon lokaci, kuma ana karɓe inji ne idan kamfani yana bukatar kayansa, ko da tayinka ya kai sama.

Na tsaya a kan wannan tarihi ne domin yawancin shawarwarin da za ka ji a bakin mutane na tsohon zamanin ne. Har yanzu akwai gurbin da za ka rubuta iyakar farashinka, kuma ni ma hannuna ya yi ƙaiƙayi da na gan shi. Wanda ya tashi yana jin “albarka” a Katako da Babbar Kasuwa ba ya ganin gurbin tayi ya wuce. Na buɗe tarihin farashi, wanda ke nuna na kwana 90 da suka gabata ga kowane irin inji a kowace shiyya, wato kowane rukunin ɗakunan injina da ke cikin yankin, na zauna ina kallon layukan. Na Oregon shiyya 4 ne, kowace da nata farashin, kuma wani lokaci inji iri ɗaya ya fi araha a wannan fiye da waccan. Layukan kusan a miƙe suke, ɗan hawa kaɗan, ɗan sauka kaɗan. Sai na yi wa kaina lissafi. In na sa iyaka dab da farashin yau, ban rage ko sisi ba, tunda farashin kasuwa zan biya ko yaya. Abin da na ƙara wa kaina kawai shi ne wata hanya ta biyu da za a kore ni. In na bar gurbin babu komai, iyakata ta zama farashin haya ta yau da kullum, wanda ba za a taɓa wuce shi ba. Na bar shi babu komai. Inda iyakar ke da amfani shi ne ga wanda ya san cewa aikinsa bai cancanci fiye da kaza ba, ya gwammace ya jira mako guda da ya biya ƙari. Ni ina da ranar da zan miƙa aiki.

Abin da ya fi tarihin farashi amfani shi ne wani jadawali da ake kira Spot Instance Advisor. Yana nuna wa kowane irin inji rangwamen da ake samu, da kuma yawan korar da aka yi a watan da ya wuce, daga ƙasa da kashi 5 cikin 100 har zuwa sama da kashi 20. Nan na lura cewa mafi araha ba shi ne mafi sauƙi ba. Injin da kowa ke rububi, musamman masu katin zane da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, korarsu ta fi yawa. Aikina ba ya bukatar waɗannan. Injina na gama-gari nake so, masu wadatar ƙwaƙwalwa, kuma irinsu suna da yawa.

Akwai wani shinge da sabon asusu ke cin karo da shi: an ƙayyade masa ƙwayoyin lissafi ƙalilan, wato sassan da ke yin aikin lissafi a cikin inji, waɗanda ba su isa a tayar da injina da yawa lokaci ɗaya ba, kuma ƙa'idar Spot daban take da ta haya ta yau da kullum. Sai ka cike takardar neman ƙari, ka faɗi yankin da adadin. Na rubuta a taƙaice abin da zan yi da su, aka ƙara mini. Mai gaggawa ya fara da wannan tun ranar da ya buɗe asusu.

Daga nan aka shiga ainihin aikin, wanda ya ci mini lokaci fiye da komai, kuma a ganina nan rangwamen yake ɓoye. Manhajar da na saba da ita tana ɗaukar hotuna ne daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, ta tara komai, sai a ƙarshe ta rubuta sakamako. Irin wannan in aka karɓe injin ana saura kaɗan, komai ya bi ruwa, kuma ka biya kuɗin awoyin. Na farfasa aikin ƙanana: kowane guntu hoto ɗaya ne na rana ɗaya na yanki ɗaya, wanda ke ƙarewa cikin ƴan mintuna. Na jera guntayen a layin jira. Kowane inji da ya tashi sai ya ɗauki guntu ɗaya daga layin, ya sarrafa, ya ajiye sakamakon a ma'ajiyar S3 wadda ba ta mutuwa da mutuwar inji, sannan ya goge guntun daga layi ya ɗauki na gaba. In inji ya ɓace da guntu a hannunsa, bayan ɗan lokaci guntun yana sake bayyana a layi, wani ya ɗauka. Na kuma tsara sunayen fayilolin yadda ko an yi guntu sau biyu, na biyun zai hau kan na farko ne kawai, ba za a ƙidaya garka ɗaya sau biyu ba.

Tun 2015 Amazon yana ba da gargaɗin minti 2 kafin ya karɓi injinsa. Ba kiran waya ba ne. Akwai wani adireshi na cikin gida, 169.254.169.254, da kowane inji ke iya tambayar labarin kansa, kuma gargaɗin a can yake fitowa. Na rubuta ɗan shiri da ke leƙawa duk daƙiƙa 5; da ya ga sanarwa sai ya hana ɗaukar sabon guntu, ya mayar da wanda ke hannu. Minti 2 ba ya isa a kwashe kaya masu nauyi, ya dai isa a rufe ƙofa da kyau. Google da Microsoft su ma suna da irin wannan kasuwa, amma nasu gargaɗin daƙiƙa 30 ne, kuma tsohon tsarin Google na 2015 ba ya barin inji ya wuce awa 24 ko da ba a bukatarsa. Wanda ya gina aikinsa bisa zaton gargaɗin ba zai zo ba sam, shi ya fi kwanciyar hankali a ko'ina.

Sauran shi ne kada ka nace wa inji iri ɗaya. A takardar umarnin da na tsara, na lissafa iri-iri masu kama da juna, na tsofaffin zubi da sababbi, na buɗe duka shiyyoyin Oregon, na zaɓi tsarin da ke duba araha da yawan rara tare. Kowane iri a kowace shiyya tafki ne mai zaman kansa. In wannan ya ƙafe, wancan yana da ruwa. Tsofaffin zubi sukan yi arha don manyan kamfanoni sun koma sababbi, ni kuwa albasa ba ta damu da shekarar da aka ƙera inji ba.

Na tayar da su da safe bayan na sha shayi, lokacin dare ne a Oregon, tunda suna bayanmu da awa 8 ko 9 gwargwadon lokacin shekara. Cikin ƴan mintuna injinan suka hau, layin ya fara raguwa. Wajen azahar kuran ya ɗauke a unguwarmu, intanet ya tafi da shi. Da a kwamfutata ake aikin da hankalina ya tashi. Sai na rufe ta na tafi masallaci. Da na dawo na haɗa da salula, na tarar an karɓe wasu daga cikin injinan tun ina waje, an ba ni wasu irin daban a wata shiyya, guntayen da suka faɗi sun koma layi an kuma gama da su. Ban san an yi ba sai da na karanta rajista. Akwai ma wata ƙa'ida mai daɗi: injin da ke aiki da babbar manhajar Linux wanda kamfani ya karɓe da kansa kafin ya cika awar farko, ba a cajin wannan lokacin.

Da yamma shugaban ƙungiyar ya kira daga Galmi yana tambayar inda aka kwana. Na yi masa bayani iya gwargwado.

“To ɗana,” ya ce, “wannan injin da za a iya ƙwace maka shi kowane lokaci, in ya tafi da lissafinmu fa?”

Na ce, “Alhaji, ku kwantar da hankalinku. Lissafin ba a cikinsa yake kwana ba. Duk abin da ya gama, nan take yake kai shi ma'ajiya.”

“Kuma nawa ka rage?”

“Abin da zan biya bai kai sulusin na sosai ba, in Allah ya so.”

Ya yi dariya ya ce ashe Nasara ma yana sallamawa in kasuwa ta yi sanyi, ya sa mini albarka, muka yi sallama.

Rangwamen a kan inji kaɗai yake, wannan kuma shi ne abin da jadawalin kashi 90 ba ya faɗa. Faifan da ke manne da inji ana biyansa cikakke, kusan santi 8 na dala kowane gigabait a wata, kuma in ka zaɓi a dakatar da inji maimakon a rushe shi idan aka kore ka, faifan yana nan yana cin kuɗi kana barci. Ni na zaɓi a rushe, faifai ya tafi tare da shi. Ma'ajiyar S3 tana da nata, wajen santi 2 da ɗoriya kowane gigabait a wata. Tun Fabrairun 2024 kowane adireshin intanet na fili irin na IPv4 ana cajinsa rabin santi a awa, ƙaramin abu ne amma yana taruwa in injina sun yi yawa. Fitar da bayanai zuwa waje kyauta ne har gigabait 100 a wata, daga nan kusan santi 9 kowane gigabait. Da na zaɓi yankin Paris ko na Cape Town, wanda aka buɗe a 2020, don kawai sun fi kusa da mu, da kowane hoto sai ya biyo hanya mai nisa daga Oregon, aikin ya yi nauyi. Kusanci yana da amfani ga shafin da mutane ke buɗewa suna jira, amma aikin da ke gudana shi kaɗai bai san nisa ba.

Ba kowane aiki zan kai wannan kasuwa ba. Ƙungiyar tana da ɗan rumbun sunayen mambobi da bashin da ke kansu, wanda magatakarda ke buɗewa kullum. Wannan yana kan ƙaramin inji na haya ta yau da kullum, kuma can zai zauna. Abin da ya dace da Spot shi ne aikin da ake iya yankawa, a dakata, a ci gaba: sarrafa hotuna, juya bidiyo, gwajin manhaja, horar da lissafi in kana ajiye inda ka tsaya a kai a kai. Kuma in aikin na awa biyu ne sau ɗaya tak, wahalar farfasa shi ta fi abin da za a rage. Biya cikakke ka huta.

Sakamakon farko ya fito da nasa matsalolin, waɗanda ba ruwansu da haya. Hazon hunturu ya dusashe hotunan wasu ranaku na Disamba da Janairu, dole na sa ma'aunin da ke zubar da su. Kore kuma kore ne a idon tauraro, ba ya rantsuwa cewa albasa ce ba tumatir ko kabeji ba. Na hau mota na bi hanyar Dosso da Dogon Dutsi zuwa Galmi, muka zaga garake da samarin ƙungiyar, muna tsayawa a kowace muna ɗaukar wurin da salula muna rubuta abin da aka shuka. Albasa tana da nata lokacin: dashe wajen Nuwamba da Disamba, ganye ya cika, sannan ya kwanta ya bushe gab da cira a Maris da Afirilu. Da wannan zanen lokacin na gyara lissafin, kuma gyaran yana nufin a sake bi ta kan hotunan duka. A farashin sosai da na yi ta jan ƙafa kafin in sake. A wannan farashin na sake har sai da taswirar ta yi daidai da abin da muka taka da ƙafa.

Da layin ya ƙare na ƙarshe, na sauko da taswirori da jadawalin hekta, na mayar da adadin injinan da ake nema zuwa sifili, domin in ka kashe inji ka bar umarnin a raye, wani zai taso ya maye gurbinsa. Na bi shiyya-shiyya na duba ko akwai faifan da ya rage babu mai shi, na goge fayilolin wucin gadi, na bar sakamakon kaɗai a ma'ajiya. Takardar kuɗi ta zo a farkon watan da ya biyo baya, an cire daga katin, banki ya ɗauki nasa ladan canji. Ragowar da ke kan katin na bar ta saboda awon rani mai zuwa, wanda ƙungiyar ta ce a haɗa har da kwarin Keita da tafkin Tabalak.